Babur ɗin da Ya Ƙi Jiran Gaisuwa

Ku yaran yanzu, Allah Ya shirye ku. Babba ya buɗe baki zai faɗa muku magana, tun bai kai rabi ba kun ce, "Na gane, na gane." Me kuka gane? Kun cusa igiya a kunne, kun duƙufa a kan waya kamar kaji a kan tsaba, a ce muku gabas ku nufi yamma, kuna tafe kuna cewa kun gane. To ku kife wayoyin nan, ku ji abin da "na gane" ta jawo wa Zakiyyu tela na Barkin Sale.

Shi Zakiyyu shagonsa yana Kasuwar Kure, layin masu yadi. Ɗinki kam ya iya, wannan ba a hana shi. Baki ne Allah Ya jarrabe shi da shi. In ka ce ka ga jirgin sama, sai ya ce saura kaɗan ya tuƙa irinsa. In ka ce cikinka yana ciwo, sai ya rubuta maka magani a bayan takardar awo. Amma duk da wannan cika bakin, kullum safiya a keke Napep yake zuwa kasuwa, a matse tsakanin kwandon tumatir da buhun gawayi, ya isa shago hula a karkace.

Yana da kawu, wan mahaifiyarsa, Kawu Ndanusa, tsohon ma'aikacin reluwe. Babur biyu ne a zauren Kawu. Ɗaya sabo fil, ja, ɗansa ne ya aiko masa daga Abuja. Maɓalli kawai ake dannawa ya tashi, ba hayaƙi, ba ƙara, fetur kuma lasa kawai yake yi. Ɗayan baƙi ne, tsoho tukuf, wanda Kawu ya saya tun yana duba layin dogo. Tankinsa kamar tulu, fitilarsa kamar kwanon sha, in ya tashi har kwanon rufin maƙwabta sai ya amsa. Da gwiwoyin Kawu suka fara ciwo, 'ya'yansa suka haɗa baki suka hana shi hawa. Sai ya kira 'ya'yan ƙannensa biyu, Zakiyyu da Anwar mai koyarwa a firamare, ya ce kowa ya ɗauki ɗaya na zuwa aiki.

"Zakiyyu, kai ne babba. Zaɓi."

Zakiyyu ya zagaya jan babur sau ɗaya, ya taɓe baki.

"Kawu, wannan ai na 'yan okada ne. In na hau shi, kafin in kai Kpakungu mata uku sun ɗaga mini hannu suna cewa, 'Okada, Bosso nawa?' Ni Zakiyyu?" Ya dafa tankin tsohon yana shafawa. "Wannan shi ne babur. Na gani a waya, manyan masu kuɗi na ƙasashen waje irinsa suke nema ido rufe. Duk Minna ba mai na biyunsa."

"Yaya, na zuwa aiki fa aka ce, kullum-kullum," in ji Anwar.

"Kai dai ɗauki na yara ka yi shiru."

Kawu ya gyara zama, ya ce, "To, ka zaɓa. Amma akwai abu ɗaya. Shi wannan, in za ka tsaya a wuri, kafin ka kashe shi sai ka..."

"Kawu, na gane."

"Ban faɗa ba tukuna."

"Ai ba sai ka faɗa ba. Ni da inji? Keken ɗinkina fa ni nake kwance shi in mayar, ko makanike ban sani ba. Babur ai keken ɗinki ne da ya yi ƙiba."

Kawu ya dube shi, ya dubi Anwar, ya rufe bakinsa. Ya laluba aljihu ya miƙa makulli.

To, ba don kasuwa kaɗai Zakiyyu yake son babur ba. Akwai Mubina, 'yar Malam Abdulsalami na Fadikpe. Kawu ya riga ya kai gaisuwa, Malam kuma ya ce a dawo ranar Juma'a bayan masallaci a sa rana, amma kafin nan zai ɗan sa wa yaron ido. Malam Abdulsalami ba ya tambayar me kake da shi. Ladabi kawai yake dubawa. A ƙofar gidansa akwai bishiyar mangwaro, a gindinta yake zama da safe, shi da aminansa biyu, Alhaji Maiwada mai kaifin harshe da Malam Ishaku mai yawan gyangyaɗi. Duk unguwar an san ƙa'idar lungun nan: wanda ya zo a kan babur, ya kashe, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya har gaisuwa ta ƙare. Ko mai keke Napep da fasinja a ciki sai ya yi haka.

Ranar Litinin Zakiyyu ya kafa hula, ya buga kik sau uku, babur ya tashi da rugugi. Kaji suka watse, jarirai suka farka. Ya bar hanyar kasuwa da gangan ya kutsa lungun Fadikpe, ƙirji a gaba. Ya tsaya gaban mangwaro, ya kashe, ya sauka, ya durƙusa, ya zuba gaisuwa mai kyau har Malam ya gyaɗa kai.

"Wannan ba babur ɗin Ndanusa ba ne?" in ji Alhaji Maiwada.

"Shi ne, Baba. Ya ga ni kaɗai ne zan iya da shi."

"Madalla. Allah Ya kiyaye hanya."

Zakiyyu ya hau, ya buga kik. Shiru. Ya sake bugawa. Babur ya yi ɗan tari ya koma barci. Ya buga na biyar, na goma, ya miƙe tsaye yana dirowa da nauyinsa duka, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, warin fetur ya cika gindin mangwaro.

"Yaro, tsalle kake koya?" in ji Alhaji Maiwada.

Zakiyyu ya sauka ya share goshi. "A'a, Baba, na tuna ne. Irin wannan babur ba a tayar da shi a gaban manya. Rashin kunya ne. Sai an tura shi an yi nisa tukuna."

"Ikon Allah! Shekara nawa Ndanusa yana yi mana rashin kunya ba mu sani ba."

Zakiyyu bai tsaya jin wannan ba. Ya kama ƙaho ya fara turi. Ya tura ya fita lungu, ya gwada, shiru. Ya tura ya hau kwalta, ya gwada, shiru. Yana cikin haki sai ga Goggo Altine mai nono, wadda take taho da ƙwarya daga ruga kullum safiya, ta biya ta Fadikpe ta sauke wa masu saye kafin ta wuce kasuwa. Ta zo ta gefensa, ƙwarya a kai, ta wuce shi, ta waiwayo.

"Sannu tela. Kai ka hau shi, ko shi ya hau ka?"

"Motsa jiki nake yi, Goggo. Likitoci sun ce yana da kyau."

"To in ka iso kasuwa ka zo in ba ka nono, ka mayar da jikin da ka motsa."

Sai da rana ta take tsaka ya isa shago. Da aka tashi kasuwa babur ya huce, ya buga sau uku, ya tashi kamar ba shi ba. Zakiyyu ya yi dariya ya ce da maƙwabtansa, "Kun gani? Gwada ni yake yi. Yanzu mun saba."

Talata da asuba aka yi ruwa, lungun Fadikpe ya zama taɓo. Zakiyyu ya zo, ya kashe, ya durƙusa, ya gaida dattawa. Bai ma yi wahalar kik ba, ya kama turi. Amma lungun hawa ne, ƙasa kuma santsi. Ya tura taku uku, babur ya dawo da shi taku huɗu. Ya sake turawa, takalminsa ɗaya ya maƙale a laka.

Malam Abdulsalami ya ga abin ya isa haka. Ya ce, "Maiwada, Ishaku, ku tashi mu taimaka wa yaron nan, kada ya kwana a nan."

"Haba Baba, ku zauna, ai na..."

"Hau!"

Ya hau. Tsofaffi uku suka naɗe hannun riga suka dafa bayan babur. Wanda ya fi ƙuruciya a cikinsu ya ba saba'in baya. Suna turi suna nishi, Alhaji Maiwada yana cewa, "Ishaku, kana turi ne ko jingina ka yi?" Da suka kai kan tudu babur ya fara gangara, Zakiyyu ya saki kuloci. Sai ji kake bam! Salansa ta tofa baƙin hayaƙi da ɗigon baƙin mai a gaban farar rigar Malam. Babur ya fizga gaba, Alhaji Maiwada ya rasa abin dafawa ya kife a taɓo, hularsa ta mirgina kwata.

Zakiyyu ya waiwayo ya ga ɓarnar. Ya san in ya tsaya ba da haƙuri babur zai mutu, a sake sabon turi. Sai ya ɗaga hannu daga nesa ya ƙwala, "Na gode, Baba! Allah Ya saka!" Ya ɓace a kwana.

Da la'asar Mubina ta zo kasuwa sayen zare, ta tsaya a bakin shagonsa, fuska ba walwala.

"Baba ya ce 'ya'ya mata huɗu ya aurar, bai taɓa tura suruki ba sai a kanka."

"Ai wannan alamar shaƙuwa ce, Mubina. Da wa ya taɓa yin irin wannan wasan?"

"Alhaji Maiwada kuma yana can ana gasa masa ƙugu. Don Allah ka je ka tambayi Kawu yadda ake yi da abin nan."

"In tambayi Kawu? Ya ce na kasa? Ai na riga na gane matsalar."

"Mece ce?"

"Ta injiniyoyi ce, ba za ki gane ba."

"Ni dai Juma'a na sani," in ji ta, ta juya.

Ya kai babur wurin wani makanike a bakin kasuwa. Makaniken ya zagaya shi, ya leƙa ƙasa, ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa ganin irinsa ba, ya canza fulogi don kada a ce bai yi komai ba. Zakiyyu ya hau yana tunani. Babur in yana tafiya lafiya lau yake. Kashewa ce matsala. To wa ya ce dole sai an kashe?

Ranar Laraba dattawa suna zaune, an ɗora wa Alhaji Maiwada matashi a baya, sai suka ji rugugi. Zakiyyu ya shigo lungu, bai tsaya ba. Ya karkata ya zagaya bishiyar mangwaro, da ya zo daidai tabarma ya cire hula ya sunkuyar da kai.

"Ina kwananku, Baba!"

Kafin su amsa ya wuce bayan bishiya. Ya sake ɓullowa.

"Ina gajiya!"

Ya wuce. Ya dawo.

"Ya aka ji da ruwa!"

"Ruwa ya yi gya..." Malam Ishaku ya fara, hayaƙi ya shige masa maƙogwaro, ya kama tari.

"Ya iyali!"

Dattawa suna bin sa da kai, hagu, dama, hagu, dama, har jiri ya fara ɗibar su. Yara masu tafiya makaranta suka tsaya suna ƙirga zagaye. Mata suka leƙo ta kan katanga.

"Alhaji, ya ƙugu!"

"Ƙugun ubanka!" in ji Alhaji Maiwada, ya wurga masa takalmi. Takalmin ya sami Malam Ishaku.

A zagaye na bakwai Malam Abdulsalami ya miƙe tsaye, ya ɗaga sandarsa. Zakiyyu ya rage gudu yana murɗa totur don kada babur ya mutu.

"Kai tela! Mu ba Ka'aba ba ne da za ka riƙa yi mana ɗawafi. Gobe ka zo ka sauka, gwiwarka ta taɓa ƙasa, ka gaida mu kamar ɗan mutane. In ba haka ba, ka gaya wa kawunka kada ya wahalar da ƙafarsa ranar Juma'a."

"Na gane, Baba!"

Da yamma Anwar ya same shi a ƙofar gida. Labarin zagaye ya riga ya kai makarantarsu.

"Yaya, karɓi nawa gobe kawai. Ka danna ya mutu, ka gaisa, ka danna ya tashi. Ko kuma ka je da ƙafa."

"Da ƙafa? Bayan na gaya wa duk layin masu yadi cewa gwamna ma zai so ya ɗauki hoto da babur ɗin nan? A ce Zakiyyu ya ajiye shi kwana uku da hawa? Kai dai koyar da A da Ba ka sani. Gobe za ka ji labarin abin da ake kira basira."

Basirar kuwa ga ta. Zai sauka ya durƙusa, amma ba zai kashe babur ba. Sai dai babur ɗin yana da hali biyu da ya lura da su: in an saki totur sai ya mutu, in kuma ya yi zafi giya ba ta yarda ta koma firi. Zakiyyu ya buɗe jakar ɗinki. Ya yanko robar ƙugun wando, wadda zai ɗaure totur da ita ya tsaya a murɗe. Ya ɗauko tef ɗin awo, wanda zai naɗe hannun kuloci da shi ya tsaya a matse. Ya gwada a tsakar gida, abu ya yi. Ya tafa wa kansa.

Alhamis ya saka babbar riga shuɗiya mai aiki har ƙasa, wadda ya ɗinka don ranar sa rana. Ya ce gara su fara ganinta tun yau. Ya iso gindin mangwaro a natse. Goggo Altine ta riga ta sauke ƙoranta a jikin katangar Malam, ta tsuguna tana auna wa Mubina nono a bakin zaure. Akuyar gidan tana ɗan kiwo a gefe.

Zakiyyu ya tsaya dab da tabarma, ya kafe babur a kan ƙafarsa ta ƙarfe, ya ɗaure totur, ya naɗe kuloci, ya ƙulle tam. Ya sauka, ya baza riga, ya durƙusa a nan gefen babur don ya riƙa sa masa ido. Bai lura ba, bakin rigar na baya ya saƙale a ƙarfen da ake ɗaure kaya.

"Allah gafarta Malam, ina kwana!" Sai da ya ɗaga murya, don babur yana ta rugugi a kansa.

"Ba ka kashe shi ba," in ji Malam.

"Me?"

"Na ce ba ka kashe shi ba!"

"Ai shi ma gaisuwa yake yi, Baba!"

Malam ya dubi gwiwar, ya ga ta taɓa ƙasa. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "To. Lafiya lau. Ya mutan gida?"

Tef ɗin nan ya shekara a wuyan Zakiyyu, ya sha gumi, ya sha man ƙosai. Jelarsa tana reto daga ƙahon babur. Akuya ta sansana, ta lasa, ta ga abin da gishiri. Ta ɗaga ƙafafun gaba ta dafa tanki ta kama ci.

"Yaya!" Mubina ta ƙwala daga zaure. "Akuya tana..."

Zakiyyu ya ɗaga mata hannu ba tare da ya waiwaya ba. "Na gane! Ina gaida manya!" Ya juya wurin Alhaji Maiwada. "Baba, ya ƙarfin ji..."

Ƙullin ya kwance. Kuloci ya saki.

Babur ya yi tsalle kamar an tsikare shi, ya fizgi Zakiyyu ta baya yana durƙushe. Ya bi ta kan tabarma da shi, ya kwashe takalman dattawa da butoci da farantin goro. Malam Ishaku, wanda aka ce bai yi gudu ba tun zamanin soja, sai ga shi a bayan mangwaro. Goggo Altine ta ga baƙin abu ya nufo ta, ta yi wani irin tsalle gefe ta faɗa kan Mubina. Babur ya daki ƙoran nan, ya kwanta a tsakiyarsu. Nono ya malale. Amma robar wando tana nan riƙe da totur, tayar baya tana ta juyawa a cikin nonon, tana fesa shi sama kamar famfon ban ruwa. Ta fesa wa Malam daga rawani har gemu. Ta fesa wa Alhaji Maiwada, wanda ƙugu ya hana shi tashi, yana zaune yana karɓa yana salati. Ta fesa wa 'yan kallo da suka cika lungu. Zakiyyu kuwa yana kwance rigingine, riga ta naɗe masa kai, yana ta ihu daga ciki, "Kada kowa ya taɓa! Na san abin da zan yi!"

Ana cikin haka sai ga jan babur ya shigo lungu shiru kamar kyanwa. Anwar ne, ya goyo Kawu Ndanusa, don tun jiya hankalinsa bai kwanta da maganar basira ba. Anwar ya danna maɓalli, ya sauka, ya tuɓe takalmi. Kawu ya dogara sanda ya ratsa cikin ruwan nono, ya sunkuya, ya sa yatsu biyu a ƙarƙashin tanki ya murɗa wani ɗan famfo da bai kai girman ɗan yatsa ba. Babur ya yi rugugi kaɗan, ya yi tari, ya yi shiru.

Lungu ya yi tsit. Ba ka jin komai sai ɗigar nono daga ganyen mangwaro.

Aka kwance Zakiyyu daga rigarsa, aka tayar da babur. Kawu ya cire robar wando ya ɗaga ta sama ya duba, ya miƙa masa.

"Zakiyyu, zo nan. Ka ga wannan? Famfon mai ne. In za ka tsaya, tun daga bakin lungu kake rufe shi, babur ya shanye wanda ke cikinsa, sannan ka kashe. In ka bar shi a buɗe yana da zafi, mai ya cika masa ciki ya shaƙe, ko ka kwana kana tsalle ba zai tashi ba. In ka gama gaisuwa ka buɗe, ka buga sau ɗaya."

Ya buɗe famfon, ya jira kaɗan, ya ɗora ƙafarsa mai ciwon gwiwa, ya taka sau ɗaya. Babur ya tashi. Ya rufe, ya kashe.

"Shi ke nan abin da na so in faɗa maka ranar Lahadi. Shekara talatin ina gaida Malam a kan babur ɗin nan."

"Kuma bai taɓa sa mu turi ba," in ji Alhaji Maiwada, yana matse nono daga gemu.

Zakiyyu ya buɗe baki. "Ai dama na ga..."

"In ka ce ka gane," in ji Malam Abdulsalami, "wallahi da sandar nan zan raka ka Barkin Sale."

Ya rufe.

Aka kawo wa Malam ruwa ya wanke fuska, aka shimfiɗa wata tabarma, aka zauna shari'a a nan take, unguwa duka tana tsaye. Kawu ya ce babur dai ya koma zaurensa, Zakiyyu ya koma keke Napep, in masu tumatir sun yarda da shi. Rigunan dattawa uku, tela ne, ya san abin da zai yi. Sai aka juya wurin Goggo Altine. Tana zaune ta riƙe wuya da hannu biyu. Zakiyyu ya ce zai saya mata sababbin ƙore har da nonon da ya zube.

"Ƙore kam dole," in ji ta. "Amma wa zai ɗauka? Tsallen nan da na yi, wuyana ya murɗe. Ko faifai ba zan iya ɗorawa a kai ba. Masu sayena kuma suna jira a kasuwa kullum."

Malam ya shafa gemu, ya ce, "Ndanusa, kai mutumin kirki ne, ba zan mayar da kai hannu wofi ba. Mubina ba ta tafi ko'ina ba. Amma yaron nan, tun daga gobe, shi zai tari Altine a bakin titi ya ɗauki ƙwaryarta, ya biyo ta nan ya gaida mu, ya kai mata kasuwa. Ranar da Altine ta zo da bakinta ta ce wuyanta ya warke, ranar za mu sa rana."

"Baba, ƙwarya? A kaina? Har Kasuwar Kure?"

"Likitoci sun ce yana da kyau," in ji Goggo Altine.

Haka aka yi. Kullum safiya sai ka ga Zakiyyu tela da gammo da ƙwarya a kai, Goggo Altine tana biye da shi tana cin gyaɗa. Ya iso gindin mangwaro ya durƙusa a hankali, wuya a miƙe kada nono ya zube, ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Maiwada kuwa ya ƙara wa gaisuwarsa tsawo, sai ya tambayi lafiyar kowa a Barkin Sale har da kaji. Anwar ya zo a jan babur, ya danna, ya gaisa, ya danna, ya wuce. In sun shiga kasuwa, layin masu yadi duka su miƙe suna kira, "Mai nono! Kawo na hamsin, kada ka sa ruwa!" Mubina ma takan leƙo daga zaure da kwanonta, ta ce, "Mai nono, yau mai kauri ne?" ta koma ciki tana dariya.

An ce an ga Goggo Altine a ruga ta ɗauko damin itace a kai, tana tafe tana waƙa. Zakiyyu ya ji labarin, ya ci gaba da dakonsa. Kowace safiya dai yakan tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Goggo, ya wuyan?"

Ita kuma ta kai hannu ta dafa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Da sauƙi, tela. Amma akwai abu ɗaya..."

Sai ya tsaya cak, ƙwarya a kai, ya jira ta faɗa har ƙarshe.

Damina ta wuce, aka yi kaka, doya sabuwa ta cika kasuwa ta ƙare. Wata biyar cur Zakiyyu yana dakon nono kafin wuyan Goggo Altine ya warke, kuma sai da ya ɗinka mata zane da riga na zuwa bikin tukuna.